Saƙon da Kawu Bai Goge Ba

Shekara tara na yi ina gyaran injinan sanyaya benaye a Doha, amma a cikin minti huɗu aka sallame ni. Na san huɗu ne domin akwai agogo a bangon ofishin manaja, shi na zuba wa ido don kada in kalli fuskar mutumin in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Tun farkon shekarar ake raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Kwangila biyu sun kuɓuce wa kamfanin, kowa ya sani. Da sun kira ni sun ce aiki ya ja baya, ka yi haƙuri, wallahi da godiya zan yi musu in kama gabana. Amma ba haka takardar ta ce ba. Cewa ta yi na yi kwana tara ban zo aiki ba, babu izini, babu dalili. Wato ni ne ma mai laifi! Wanda aka rage, ana ba shi wa'adi da takardar shaidar aiki, ya je ya nemi wani wuri. Wanda aka kora don ya yi watsi da aiki kuwa, wane kamfani ne zai kalle shi a garin nan? Idan babu aiki babu katin zama, idan babu katin zama, ni da matata da 'ya'yanmu biyu sai filin jirgi.

Kwana taran nan kuwa kwanakin rasuwar mahaifiyata ne.

Wata biyu kafin nan, ina saman wani bene da la'asar, zufa har cikin takalmi, Kawu ya kira ni daga Zariya. Ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce, "Sai haƙuri, Inna ta cika." Ban san yadda na sauko ba. Na shiga wurin manaja, ya tashi ya dafa kafaɗata, ya ce, "Yalla, tafi. Khalas, shi ke nan, kada ka damu da wata takarda." Ni kuma na tafi. Mu a wurinmu, babba ya ce maka je ka a ranar da uwarka ta rasu, sai ka tsaya ka ce masa ya rubuta maka? Ai ko mahaukaci ya san wannan rashin kunya ne.

Ban sami jana'iza ba, zaman makoki na tarar. Ranar sadakar uku ina shirin komawa Kawu ya ce, "Kai da ba ka ɗauki gawarta ba, ko addu'ar bakwai ba za ka tsaya ba?" Na aika wa manaja saƙo. Bai ɗauki lokaci ba ya turo amsa da muryarsa, cikin Turanci: Allah ya jiƙanta, ka zauna har ka gama, aikinka yana jiranka.

Daɗi ya kama ni. A nan ƙarƙashin rumfa, gaban dattawa, na ƙure murya na kunna musu, ina fassarawa ina wani hura hanci. Aka yi ta sa albarka. Kawu, wanda ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji, ya ce lallai in tura masa a wayarsa, in kuma faɗa masa sunan mutumin. Ya ce irin waɗannan ba a barin su ba addu'a.

To wannan mutumin ne ya turo min takarda a kan tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in tafi." Ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce bai tuna ba, kuma kamfani ba ya aiki da maganar baki. Aka karɓi katin shiga, aka karɓi makullin mota, aka karɓi waya, domin ta kamfani ce, saƙon kuma yana cikinta. Ya ce in sa hannu. Ban sa ba, ba don wayo ba, tashi kawai na yi na nufi ƙofa. Abin da har yau yake ƙona min rai shi ne, da na kai bakin ƙofa sai na ji bakina ya ce, "Na gode." Na gode! An ci mutuncina, an ci na uwata a kabari, ni kuma tarbiyya ta sa na yi godiya.

Kwana goma sha ɗaya ban faɗa wa kowa ba. Kullum da safe in sa kayan aiki in fita daga gidanmu na unguwar Al Muntazah, in taka har unguwar Fereej Abdel Aziz, in zauna a wani shagon shayi ina kallon motoci. Abinci ya daina shiga. Yara su yi min magana in daka musu tsawa ba gaira ba dalili. A sallah sai in kasa tuna raka'a nawa na yi, domin a raina ina can ofishin ina faɗa masa duk abin da ban faɗa ba. Matata ce ta kama ni. Ta ɗaga rigata a wurin wanki ta ce, "Abban yara, yaushe injin ya daina baƙin mai? Kusan mako biyu ke nan kayanka tas suke dawowa." Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba a Zariya.

A shagon shayin akwai wani Bakatsine, mai gadi ne a wani babban kanti, yana biyowa idan ya tashi aiki. Da na ba shi labari sai ya ajiye kofi ya ce, "Haba Injiniya! Da digirinka da komai? Mu da ba mu yi boko ba ai tuni muka haddace wannan. Ka sa hannu?" Na ce a'a. Ya ce, "Allah ya so ka. Akwai ofishin ƙorafin ma'aikata, ba a hana kowa shiga. Ba su da ikon ɗora maka laifi don kawai suna son su rabu da kai a sauƙaƙe. Amma fa ka tafi da hujja, can ba a rantsuwa da girman Allah a wuce."

Na je, an saurare ni da mutunci, aka sa rana. Sai dai hujja, ba ni da ko tsinke. Matata ce ta ce, "Ba ka ce ka tura wa Kawu ba?"

Kwana biyu ina juya wayarta a hannu. Kiran Kawu yana nufin gida su ji an kore ni, ni da ake nuna wa yara a ce su yi karatu su zama kamar wane. Daga ƙarshe na kira. Kawu ba ya goge komai a waya, wa'azin shekara biyar yana nan, gaisuwar Juma'a ta kowa tana nan. Ya ce, "Mutumin kirkin nan? Yana nan mana. Lafiya dai?" Na faɗa masa. Ba a jima ba sai ga saƙon ya shigo.

Ranar zama, manaja ya zo da lauyan kamfani, ya maimaita cewa bai ba ni izini ba. Aka ce in kunna. Muryarsa ta cika ɗakin, da taushinta da komai: ka zauna har ka gama, aikinka yana jiranka. Ya sunkuyar da kai yana kallon tebur. Ni kuwa a ranar ban kalli agogo ba, shi na kalla, har sai da lauyan ya nemi a ba su minti goma.

An canza takardar. Aka rubuta rage ma'aikata, aka ba ni wa'adina da shaidar aikina. Aikin bai dawo ba, haƙuri ma ba wanda ya ba ni. Bayan wata uku na sami wani aikin a garin Al Wukair, bai kai na da ba, amma yara ba su bar makaranta ba. Mutane suna ce min ai komai ya wuce, in yafe. Ni dai ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Da na kira Kawu in faɗa masa yadda aka ƙare, bai yi murna yadda na zata ba. Ya ce, "Ka san wata biyu cur, kullum bayan asuba, a addu'a ɗaya nake haɗa sunan manajan nan da na 'yar'uwata?" Na ji yana shan numfashi, yana ta danne-danne. Can ya ce, "Kai, ɗan nan, ya ake goge abu a wayar nan?"

Na koya masa.