Ranar da awaki ba su zo ba

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Kafin Hausa, Kawuna ne shugaban ƙungiyar masu kiwo a ƙauyensu da ke wajen Miga. Duk lokacin allurar dabbobi sai ya hau babur yana bin gida-gida yana sanarwa. Ni kuwa da zumuɗin sabon ilimi na ce ya huta, zan haɗa masa manhajar da za ta tura wa kowa saƙo a waya. Ya yarda, har ya tsaya gaban dattawa ya ce aikin 'yarsa ne.

A ɗakina a unguwar Yalwawa da ke Dutse na rubuta ta. Kafin manhaja ta yi magana da wata na'ura, sai ta buɗe wata 'yar ƙofa da muke kira soket, sannan ta tambayi tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ko ƙofar ta shirya. A kwamfutata, tsarin ba ya cewa ta shirya sai an haɗu da ɗaya ɓangaren. Na gwada ya fi sau goma, lafiya lau. Na ɗora ta a tsohuwar kwamfutar ƙungiya, na komo Dutse ina ji da kaina.

Ashe ita waccan tsarinta daban ne. Ko soket bai taɓa haɗuwa da kowa ba, kana tambaya za ta ce a shirye yake, don ita abin da take dubawa kawai shi ne ko akwai abin da zai sa ka jira, ba ko an haɗu ba. Manhajata ta zuba saƙo a ƙofar da ba ta kai ko'ina, ban kuma koya mata duba kuskure ba, sai ta rubuta "An aika".

Ran allura likitan dabbobi ya zo da kayansa, ya zauna gindin darbejiya har azahar. Ko akuya ɗaya. Kawu ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa: "'Yar nan, mutane sun ce ba su ga komai ba." Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, don shi na bari a rana.

Washegari na hau bas na tafi. Gyaran bai fi layi biyar ba: in an ce a shirye, a ƙara tambaya, da wa aka haɗu? In babu kowa, ta faɗi gaskiya, ta sake gwadawa har a haɗu. Na ce, "Kawu, in kana so ka koma babur ɗinka, ba zan ji haushi ba."

Ya ce, "Sa lambata a farko, ki danna in gani."

Na danna. Wayarsa ta yi ƙara a aljihun riga. Ya ciro, ya karanta a hankali har ƙarshe, sannan ya leƙa waje ya kira dattawan da ke zaune kan tabarma.

"Ku duba naku. Na ce muku aikin 'yata ne."