Zoɓon Maidaji

Maidaji ɗan Fagge ne. Ya sauka birnin Guangzhou na ƙasar Sin a 1997 da jaka ɗaya da daɗin baki, kafin shekara biyu ya zama tafintan duk Bakanon da ya zo sarin takalma a unguwar Sanyuanli. Shi ke jan mu salla a masaukinmu na 'yan kasuwa, shi ya sa muke ce masa Malam. Albarkacin wannan suna ake damƙa masa kaya ido rufe, in babu sunan nan ba shi da komai.

Amma mutumin akwai son a yabe shi ta ko'ina. Lokacin jar giyar inabi ce ake yayi, masu masana'anta ba sa ƙulla ciniki sai an ɗaga kofi. Mu cewa muke ba ma sha, a kawo shayi, kuma ba wanda ya taɓa korar mu. Shi kuwa gogan sai ya dafa zoɓo ya ɗura a kwalba ya tafi da abinsa. Sinawa su ɗauka irin giyarsu ce, mu kuma mu ce Malam akwai dabara. Har da ni a masu dariya, abin da nake jin kunyarsa har yau.

Wata Laraba Liu mai takalma ya kira mu cin abincin rana a titin Huanshi Lu, ga wansa ya zo daga Yantai, can bakin teku. Tsohon ya shekara talatin yana matse inabi yana zubawa a ganga. Ya jawo kofin Maidaji ya shinshina, ya kurɓa, ya girgiza kai. Sai ya zubar, ya cika kofin da giyar gonarsa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Alhaji Ma'azu, wanda ya kawo Maidaji ƙasar, ya ce, "Malam, gaya masa gaskiya mana. Ka ce addini ya hana."

"Alhaji, ai sai su ce ni maƙaryaci ne."

"To da kai mene ne?"

Maidaji ya dube mu, ya dubi Sinawan, ya shanye tas. Ko fuska bai yamutsa ba, sai ka ce kunu. Nan na gane ba ranar ya fara ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Da la'asar a masauki ya shige gaba ya ta da kabbara kamar kullum, ko kunya babu. Sai da ya sallame ya waiwaya, ya hango mu a baranda mun yi sahu bayan Alhaji Ma'azu.