Tumatirin Baba Haka-Ne

A layinsu ba wanda zai iya tuna ranar da mai askin nan ya musa wa wani magana. Tun yana saurayi ya gane cewa mutumin da ke kan kujera, an ɗaure masa zane a wuya, ga reza a bayan kunnensa, ba gardama ya zo nema ba. In ka ce duniya ta lalace, sai ya ce haka ne. In na bayanka ya hau kujerar ya ce ba a taɓa jin daɗi irin na bana ba, sai ya ce haka ne, ya karkata masa kai ya gyara saje. Da haka ya aurar da 'ya'yansa, ya yi furfura, suna ya bi shi: Baba Haka-Ne. Ko ranar da aka laƙaba masa sunan bai musa ba.

Shigarsa noman tumatir ma ta wannan hanyar ce. Ya je kasuwa sayen sabulu, wani mai sayar da dashe ya ce masa dattijo irinsa bai kamata ya rasa ɗan lambu a gida ba. Sai ga shi ya dawo da ƙullin dashen tumatir a jiƙaƙƙiyar jarida, ba sabulu.

A bayan gidan akwai ɗan fili tsakanin katanga da banɗaki, inda tsofaffin bokitai ke zuwa su yi ritaya. Matarsa ta daɗe da sa wa wurin ido, tana son kafa akurkin kaji.

"Baban yara, wannan ciyawar fa?"

"Tumatir ne."

"To ka ji. In na yanka tumatirinka da wuƙata kafin ruwa ya ɗauke, filin naka ne. In ban yanka ba, kajina za su tare, kai kuma ka koma kan kawunan mutane."

Ya amince, don bai san wata hanya ba. Amma da ya tsuguna ya dasa su, sai wani abu ya same shi wanda bai saba da shi ba. Ya soma son sani. Duk rayuwarsa yana yanke abin da ke tsirowa, bai taɓa tambayar me ke sa shi tsira ba. Yanzu kullum da safe, kafin ya buɗe shago, sai ya tsaya a kansu yana leƙe. Me suke ci a cikin ƙasar nan? Ta ina suke ci?

Kuskurensa shi ne ya yi tambayar a shago.

Direban babbar mota, wanda ya fi kowa daɗewa yana aski a wurinsa, shi ya fara amsawa, kumfa cike da haɓarsa.

"Yuriya! Farin nan mai kama da sukari. Na yi dakonsa har bayana ya ƙage. Ka watsa shi, ka koma gefe, kada tsiro ya buge ka a ido."

Washegari ya sauke masa rabin buhu a ƙofar shago. Maƙwabci mai gyaran takalma da ya ji labari ya ce takin zamani ƙona ƙasa yake, kashin tantabara shi ne magana, ya kawo bokiti guda ɗanye, har da ƙudajensa. Mijin 'yarsa kuwa, wanda ba ya zuwa gaisuwa hannu rabbana, ya zo da wata kwalba mai hoton ganye.

"Baba, wannan fesawa ake yi. Yanzu duniya ta wuce zuba kashi."

Baba Haka-Ne mutum ne mai yarda da kowa, amma ba maƙaryaci ba ne. Direba zai tambaye shi ko ya sa, mai takalma zai leƙo ta kan katanga, suruki kuwa ba a mayar masa da kyauta. Saboda haka ya yi adalci. Kowane tushe ya sami yuriya, ya sami kashin tantabara, aka bi shi da feshi. Ƙananan da ke bakin layi suka ƙone suka kwanta. Sauran suka tashi kamar an kore su.

Ba a taɓa ganin ganye irin wannan a layin ba. Kore shar har yana baƙi-baƙi, kauri kamar kunnen akuya, ya haura katanga. Mutanen nan uku kowa ya zo ya gani, kowa ya koma yana cewa nasa ne ya yi aiki.

Shi kuwa Baba, da ya dubi wannan duhuwa, hannunsa ya soma ƙaiƙayi. Ba zai iya wuce kai a hargitse ya ƙyale ba. Ya ɗauko almakashi ya daidaita sama, ya rage gefe, ya fitar da ƙeya ta wajen banɗaki. 'Yan furanni rawaya da suka yi ƙoƙarin fitowa, da ma ba su da yawa, yawancinsu a saman da ya zarce suke, duk suka bi ƙasa. Bai damu ba. A iya saninsa, duk abin da ka yanke dawowa yake, in ba haka ba da tuni ya mutu da yunwa.

Matarsa ta fito shanya, ta tsaya ta duba.

"Ya yi kyau. Saura turare. Ina tumatirin?"

Wannan tambayar ce ta kai shi shagon iri da ke bayan tasha. Mai shagon mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Da ya faɗa mata halin da tumatirin ke ciki, ta ce me ya sa musu. Ya lissafa. Ta cire tabarau.

"Duka?"

"Duka."

"A tushe ɗaya?"

"Ban so in ɓata wa kowa ba, 'yata."

Ta yi masa bayani a hankali. Yuriya ganye take sawa, ɗanyen kashin tsuntsu ma haka, ga zafi, abin feshin nan shi ma na ganye ne. Mutum uku suka ba shi shawara ɗaya, kowa da kayan da ya saka mata. Tumatir in ya ƙoshi da irin wannan ba ya tunanin haihuwa. Abin da yake so tun farko takin zamani na kamfa ne kaɗan, nesa da tushe, ko taki na gida wanda ya ruɓe ya huce.

"Haka ne," in ji Baba.

"Baba, ni ba aski na zo ba. Wanne za ka ɗauka?"

Ya dubi buhunan da ke jingine, ya sa hannu a na kamfa, ya murza ƙwayoyin a yatsunsa, ya sansana.

"Wai me ke cikinsa da babu a wancan?"

Ta faɗa masa. Ya sake tambaya. Ya tambayi me ya sa nesa da tushe, ya tambayi ko saiwa na jin zafi. Sai da masu sayen iri suka taru a bayansa suna gyaran murya. A ƙarshe ta ce na bana kam kada ya ƙara musu komai sai ruwa, almakashi kuma ya bar shi a shago. Ya ɗauki ƙullin kamfa ɗan ƙarami don dashe na gaba, in akwai na gaba.

Da ya koma gida ya tuge tushe guda don ya gani da idonsa. Duk wannan tsayi, saiwar ba ta kai gemun ɗan akuya ba. Ya daɗe yana juya ta.

Sauran yuriyar ya mayar wa direba ranar askinsa. Ya jira sai da ya gama, ya kwance masa zane, ya ajiye reza nesa, sannan ya ce ba zai ƙara sawa ba.

"Kai, Haka-Ne! Lafiyarka kuwa?"

"Ganye take sawa."

"To ba ka ga ganyen ba?"

"Na gani. Shi ne ai."

Direba ya ɗauki buhunsa ya fita bai yi sallama ba. An ce an ga motarsa a ƙofar wani shagon aski, ya fito da saje ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Fure ya dawo a makare. Kafin ruwa ya ɗauke, 'yan ƙwayoyi suka ƙulla waɗanda ba su cika tafin hannu ba, ɗaya ne kawai ya nuna sosai. Baba ya kawo su a hularsa. Matarsa ta ɗauki jan, ta yanka, ta sa rabi a baki, ta miƙa masa rabi. Ta tauna. Sannan ta zaga bayan gida, ta ja layi da dugaduganta, ta raba filin biyu.

"Wannan tumatirin rabin fili ne. Ka ɗauki wajen rana, kajina inuwa suke so."

Ya dubi rabonsa, ya dubi nata.

"Maman yara, kashin kaji yana daɗewa kafin ya huce?"

"Ni na taɓa zama na jira shi? Ka zauna ka gani."

Ya shiga ɗaki ya fito da kujera.