Ranar da bincike ya kai ni ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da shari'a ba ta daɗe da dawowa Kano ba, na samu aiki a wata ƙaramar ƙungiya a Nassarawa GRA. An ba mu bincike a kan matan da ke tsaya wa 'yan uwansu mata, da yadda za a kare su daga masu yi musu barazana. Ni kuwa sabuwar mai digiri, har da jakar hannu, ji nake ni zan gano su.

Na fara da Kawaji. Na tara mata a tsakar wani gida, na tambaye su wurin wa suke zuwa idan an danne musu gado ko an hana su ganin 'ya'yansu. Kusan baki ɗaya suka ce akwai wata Hajiya mai ɗinki a Tudun Murtala, ita ke raka su kotu, ta san hukuncin gado kamar alƙali. Ina rubutawa da zumuɗi har suka kwatanta gidan, mai bishiyar darbejiya, kusa da injin niƙa. Na ajiye biro. Gidanmu ne.

Ashe duk fitar da mahaifiyata ke cewa ta dubiya ce, rabinta kotu ce.

Da na koma na same ta a kan keken ɗinki, na zaro takardata na ce, "Umma, hira na zo yi da ke." Ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta amsa komai. A nan na ji cewa wani ya taɓa tare ta a hanya, ya rantse zai ƙona mata shago. Na ce ofishinmu zai iya nema mata maigadi.

Ta ce, "Maigadi a lungun nan? Ki rubuta cewa kada mace ta je kotu ita kaɗai, kuma a sanar da liman tun kafin a fita. Sunana kuma kada ya shiga takardarki."

Abin da na rubuta ke nan, kuma shi shugabarmu ta fi yabawa a rahoton.

Tun daga lokacin, duk aikin da aka ba ni sai na fara tambayar na kusa. Umma ta tsufa yanzu, ta daina ɗinki, amma mata ba su daina sallama ba. Ranar kotu ni nake tuƙa su.