Baffan da Ya Zauna Mana a Darasi

Ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, wani falken hatsi na Kurfi ya aiko a kira ni. Ɗansa yana aji biyu na sakandare, ya zo hutu, lissafi ya kayar da shi. Na riƙa hawa keke ina zuwa bayan la'asar, muna zama a zaure.

Yaron ba daƙiƙi ba ne, tsoro ne ya cika shi. Shi nake miƙa wa alli, in ce ya yi aikin yana faɗa mini da Hausa abin da yake yi da dalilinsa. In ya kuskure ba na tare shi, sai lissafin ya cije, sannan in tambaye shi a wane layi ya fara shakka. Da haka na gano ba aljabara ce ciwonsa ba. Tun firamare bai iya haɗa rabi da sulusi ba. Muka koma can.

Sai baffansa ya tsoma baki. Mutum ne da bai gama elementare ba, ya taɓa yin masinja a wani ofis, tun daga nan yake soke alƙalami biyu a aljihu, ko ɗaya ba tawada. Ya kawo buzu ya shimfiɗa kusa da mu yana cin goro. Yaron na yin shiru don tunani, sai baffan ya ja tsaki. In na yi tambaya shi ke rigan yaron amsawa, ban kuma taɓa jin ya dace ba.

Ran nan ya ce, "Malam, wai kai ke koya masa ko shi ke koya maka? Tun ɗazu shi ke magana, da Hausa kuma, kamar kuna cinikin dawa. Ina Turancin? Ina bulala?"

Na ce, "Alhaji, ga alli, nuna mana."

Ya ce hannunsa da goro.

Ya je ya gaya wa wansa ni malalaci ne. Uban, da ba ya son musu da ƙanensa, ya yi mini godiya ya sallame ni. Baffa ya karɓi darasin. Dabararsa ita ce yaron ya haddace amsoshin da ke bayan littafi, yana rera su da ƙarfi, maƙwabta na ji suna yaba ƙoƙari.

Yaron ya koma makaranta ya faɗi, aka maimaita masa aji. Baffa ya ce malaman ne suka canza tambayoyi don hassada.

Da hutu ya zagayo, yaron da kansa ya aro keke ya same ni a Dutsin-Ma. Muka ɗora daga inda aka katse mu, a gindin bishiya bayan makaranta. Shekarar nan ya ci. Na ji labari baffan ya zaga kasuwar Kurfi rumfa-rumfa yana gaya wa mutane shi ya kafa harsashin.