Injin Niƙan Yaya Rifkatu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rifkatu. Ina cikin abra, kwalekwalen da ke tsallakar da mutane daga Bur Dubai zuwa Deira, aka kira ni daga gida aka faɗa min. Na ƙanƙame jakata har muka isa gaɓa, sannan na zauna a bakin ruwa na yi kukana. Kowace shekara nakan tuna ta da kewa. Bana kuwa da tsoro nake tuna ta.

Wanda ya san ƙauyenmu ya san Rifkatu, domin babu mai dafa burukutu kamarta. Akwai wata al'ada a wurinmu da baƙo ba zai lura da ita ba. Mace idan cikinta ya tsufa ba ta zuwa gona, sai ta zauna a gidan mai dafa giya tana hura wuta, tana juya tukunya, tana tacewa. Ladanta shi ne ɗanɗano, wato ƙoƙo guda daga kowace tukunya da ta nuna. Tsofaffi suna cewa yana ƙara jini, yana sa ɗa ya fito da ƙarfi. Babu mai kiran wannan shan giya. Ko matan da ba sa fashin coci suna karɓa, su goge baki, su tafi taron zumuntar mata.

Rifkatu ta sha ɗanɗanon tukunyarta har ta haifi Bulus. Ya zo ɗan mitsitsi, ya yi jinkirin tafiya, ya yi jinkirin magana. A makaranta abin da aka koya masa da safe kafin azahar ya gudu. Aka ce iska ce, aka ce baki ne, har aka zargi wata tsohuwa da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da Rifkatu ta ce mata abin da uwa ta sha shi ɗan cikinta ke sha, kuma giya tana taɓa ƙwaƙwalwar ɗa tun bai ga duniya ba, taɓin da ba ya gogewa.

Yayata ba ta iya yin abu rabi da rabi. Ta kife tukwanenta a bayan ɗaki, ta shiga bin gidajen masu ciki. An zage ta, an ce ta cika aljihunta da giya sannan ta dawo tana wa'azi. Ita kuwa ta gane cewa wa'azi kawai ba zai yi ba, tunda mai ciki na bukatar aikin zaune. Da ta ji gwamnati na ba ƙungiyoyin al'umma tallafi don yaƙar wannan larura, sai ta haɗa mata suka nemi injin niƙa. Nufinta masu ciki su riƙa kula da injin, suna niƙa masara da wake, su yi nisa da bakin tukunya. Ta yi ta sintiri zuwa sakateriya har takalmanta suka cinye. Ta mutu injin bai zo ba.

Bara injin ya zo. Da na ji labari, rawa na taka a ɗakinmu na Al Warsan, inda muke zaune mu da muke aikin wanki da guga a otal. Wata abokiyar aikina ta ce, "Khalas, ya isa haka, 'yar'uwa, ki zauna kafin ki karya mana gado." Na ce mata ta bar ni, yau yayata ta ci nasara daga kabari.

Na yi saurin murna. A ƙauyenmu abin da aka fi niƙawa shi ne tsiron dawa, wanda da shi ake burukutu. A da mata kan kwana biyu a kan dutsen niƙa kafin su haɗa na tukunya ɗaya, yanzu injin na gamawa kafin a gama gaisawa. Masu dafawa sun ƙaru. An rubuta sunan Rifkatu da fenti a bangon rumfar injin, kuma a ƙarƙashin sunan nan ake jera buhunan tsiro. Masu kawo niƙa kuma ba su manta al'ada ba, sukan zo wa mai kula da injin da ɗanɗano.

Mai kula da injin yanzu 'yata ce Saratu, kuma tana ɗauke da cikinta na fari.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sujada, na kira ta ta bidiyo. Tana zaune a rumfar, gari ya yi mata fari a gira. Muna cikin hira sai na hango ƙoƙo a gefen ƙafarta. Na ce, "Saratu, mene ne wancan?"

Ta yi 'yar dariya. "Mama, ɗanɗano ne kawai. Surukata ce ta kawo. In na ƙi, za ta ce na raina ta."

Amma me zan yi daga nan? Ina iya zuwa kasuwar Sabkha in cika kwali da atamfa da kayan jarirai in ba masu jigilar kaya su kai mata har ƙofar gida. Hannuna dai ba ya shiga kwali. Bizata ta ɗaure ni, hutuna sai bayan ta haihu. Da Rifkatu na raye, na san da tuni ta tsaya a ƙofar surukar nan ta faɗa mata abin da ba ta taɓa ji ba. Ban san ko za ta yi kuka ba idan ta ga abin da injinta ke niƙawa, ko kuwa za ta nemo guduma.

Ina cikin wannan sai wani dogon hannu ya shigo hoton. Bulus ne, ya zama saurayi, shi ke ɗaukar buhuna a rumfar. Ya ɗauki ƙoƙon, ya fita, ya zubar a ƙasa, ya dawo ya kife shi. Sannan ya leƙo wayar ya ce, "Anti, Mama ta ce mai ciki ba ta sha."

Saratu ta ce haka yake yi kullum, har surukarta ta fara ɓoye ƙoƙon a zani.

Bulus bai san canjin kuɗi ba. Duk wanda ya yi masa murmushi sai ya bi shi. Amma wannan magana guda da uwarsa ta yi ta nanata masa ta zauna daram, ta fi fentin bango zama. Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Rifkatu, ba zan nuna injin ba.

Shi ya sa nake tsoro. Ina guge zanen gadon baƙi a Dubai, kuma duk abin da ke tsaye tsakanin jikana da wannan ƙoƙo shi ne yaron da wani lokaci yakan manta hanyar gida. Ya Ubangiji, ka jiƙan Rifkatu, kada ka bar ɗanta ya manta wannan.