Madam Christina Mai Tafireta a Gindin Mangwaro

Kafin motocin ma'aikata su fara shigowa Garki, Madam Christina ta riga ta sauka daga motar Masaka, ta share gindin mangwaron da ke bayan sakatariya, ta ɗora tafiretarta a kan tebur. Benci ɗaya gare ta, na masu neman aiki. Haka take tun shekarar da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas, lokacin da kowa ya saɓo jaka ya nufo Abuja yana zaton aiki a ƙasa yake zube. Juma'ar nan za ta tashi. Idonta ya tafi, masu neman aikin kuma sun koma shagunan kwamfuta.

Ni Ɗangoggo ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake 'yata Bilkisu tana rubutawa. Amma na ga abin da masu digiri ba su gani ba. Na yi dako a yaƙin basasa na dawo da ƙafafuna, na faɗo daga bene hawa na uku na miƙe na karkaɗe riga. Duk da haka, da kamfanin gini ya sallame mu, a bencin nan na zauna ina neman gadi a wata ma'aikata, ga iyali a ɗakin kwano a Jabi.

Mutanenmu a lokacin sun ɗauka takardar neman aiki kuka ne: ni talaka ne, uwata ba lafiya, 'ya'ya takwas, a taimaka don Allah. Ita ba ta buga wannan. A gabana wani direba, Zacharias, ya fara jero mata damuwarsa, sai ta ɗauke hannu daga kan inji.

"Oga ɗin nan ba babanka ba ne," in ji ta. "Direba yake nema. Shekara nawa kana tuƙi?"

"Sha ɗaya."

"Ka taɓa buge mutum?"

"Ko akuya."

"To, shi za mu sa."

Da layi ya zo kaina na gyara zama, na faro daga yaƙi. Ta ƙyale ni har na kai faɗowa daga bene.

"Baba, labarin nan ya yi daɗi. Amma ba mai faɗuwa suke nema ba. Me ka taɓa tsarewa?"

Raina ya ɓaci. Na ce shekara shida ina gadin siton siminti, ko buhu ɗaya bai yi ƙafa ba. Ta tambayi wanda zai shaida, na ba ta sunan fomanmu. Sannan ta tura ni ƙofar ma'aikatar in tambayo muƙamin wanda zai karanta, don ba ta rubuta wa mutumin da ba ta sani ba. Layi bakwai ta buga, ta karanta min da Hausa, na dangwala. Yaƙina ko kalma ɗaya bai shiga ba. Bayan sati uku aka kira ni. Shekara ashirin na yi a ƙofar nan.

Shekaranjiya na bi ta wurin, na same ta tana laluben haruffa da yatsa. Ba ta gane ni ba. Na tambaye ta mutum nawa suka samu aiki ta hannunta.

"Ban sani ba, Baba. Wanda bai samu ba yana dawowa a sake masa. Wanda ya samu ba ya dawowa. Wani lokaci ina cewa ko duka a kwandon shara suka ƙare."

Shekara ashirin ina gaya wa mutane kwarjinina ne ya sa aka ɗauke ni, alhali ƙofar da nake gadi ba ta kai tafiyar minti goma daga mangwaron ba.

Madam, ke ce kika cire mana roƙo daga baki, kika sa aikin hannunmu a wurinsa. Ke ce kika shigar da mutane ofis, ke kuma kina waje rana da ruwan sama. Takardarki ba ta shiga kwandon shara ba. Ta ciyar da gidana, ta kai Bilkisu makarantar da ta koyi wannan rubutun. Na gode, ko da na makara.

Masu buga wa mutane takarda a yau, ku yi koyi da ita: ku tambayi mutum abin da ya iya kafin ku taɓa inji. Ku kuma da kuka bi ta bencin nan, Zacharias da sauranku, Juma'a da hantsi za a ɗora tafiretar a mota. Ni zan riga kowa zuwa. Ba za ta ga fuskokinmu ba, don haka kowa ya faɗi sunansa da ƙarfi, da inda aka ɗauke shi.